Me Ya Sa Titi Ke Tona Asirin Ƙaramin Layin Dogo?

A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai mutane, da yawansu dattawa masu jikoki, da ke ware ɗaki guda a gida su gina ƙaramin gari a kan tebur: tasha, gidaje, gonaki, gada, da layin dogo wanda jirgin ƙasa ke gudu a kansa da wutar lantarki. Kowane abu an rage girmansa da ma'auni ɗaya. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake raba girman komai gida 87. Mutanen Birtaniya sun fi riƙe OO, wanda ke raba shi gida 76. Masu ƙarancin wuri kuma suna komawa N, gida 160 a yawancin ƙasashe. A ma'aunin HO, mutum mai tsayin mita 1.75 yana dawowa santimita 2, motar gida kuma ba ta wuce santimita 5 da ɗan ɗoriya ba. Duk wanda ya ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san daɗin irin wannan aiki, sai dai su sun kai shi inda ake ɗaukar hotonsa a kasa bambance shi da gaskiya.

Abin da na lura da shi, kuma nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne cewa a mafi yawan waɗannan ƙananan garuruwa jirgin ba shi ke ba da kunya ba. Kan jirgi daga kamfani yake zuwa, an gama masa komai har ƙusoshin jikinsa. Titin mota da ya ratsa gaban tasha shi ke tona asiri. Za ka ga kan jirgin da aka biya kuɗi masu kauri, yana wucewa ta gefen wani baƙin kwali da aka manna a kan katako aka ja masa farin layi, an ce wai titi ne. Daga nan ido ya daina yarda da sauran.

Dalilin a fili yake. Mutum ɗaya cikin ɗari ne zai gane an yi kuskure a tukunyar kan jirgi mai tururi, amma babu wanda bai san titi ba. Kullum a kansa muke, mun san launinsa da rana da bayan ruwa, mun san inda yake tsagewa da inda yashi ke taruwa, ko da ba mu taɓa zama mun yi tunani a kai ba. Mai kallo ba zai iya faɗa maka abin da ya ɓaci ba, zai dai ji a ransa cewa wani abu bai zauna ba. Ga kuma al'adar maginan kansu: layin dogo ake fara shimfiɗawa, a dasa gine-gine, a yi tsaunuka, sai daga ƙarshe a tuna da titi a cusa shi a ɗan wurin da ya rage. A duniyar gaske kuwa sau da yawa hanya ta girmi dogo da ɗaruruwan shekaru. Ita ce ta fara bin ƙasa, gidaje suka jeru a bakinta, sannan jirgi ya zo ya tarar da ita.

Mu fara da faɗi, domin nan ne lissafi ba ya ƙarya. Babban titi mai hannu biyu a Birtaniya yana da faɗin mita 7.3, wato mita 3.65 kowane hannu. A Amurka hannu ɗaya na babbar hanya ƙafa 12 ne, kusan daidai da wancan. Ka raba mita 7.3 gida 87, za ka samu santimita 8.4. A OO santimita 9.6 ne, a N kuma wajen 4.6. Idan titin cikin gari ne, sai ka ƙara wurin tafiyar masu ƙafa, a ce mita 2 kowane gefe, titin HO ya kai santimita 13. Teburin da yawancin mutane ke ginawa a jikin bango faɗinsa bai fi santimita 60 ba, ka ga titi ɗaya ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ne ke sa magini ya ji ciwo, ya rage shi zuwa santimita 5 ko 6, sannan ya ɗora manyan motoci biyu suna fuskantar juna a inda ko madubinsu ba zai wuce ba.

Ni ban ga laifin matse abu ba, domin dukan wannan sana'a a kan matsewa take. Babu mai ɗakin da zai ɗauki tasha da tsawonta na gaske. Amma akwai hanyar matsewa da ba ta cin mutuncin ido. Idan santimita 5 kake da ita, to ka gina hanyar da faɗinta na gaske mita 4 ne da ɗan kai: hanyar ƙauye marar layi, ko lungun bayan tasha, ko hanyar shiga ma'ajiyar kaya. Ka canja irin titin ya dace da wurin da kake da shi, maimakon ka tsuke babban titi ka bar masa alamun babban titi. Haka zancen yake a kwana. Ƙa'idar Turai ta ce dole bas ko tirela ta iya juyawa cikin da'irar da ke da mita 12.5 daga tsakiya zuwa baki, wato sama da santimita 14 a HO. Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce ka ɗauki motar da ta fi tsawo cikin waɗanda za ka ajiye, ka tura ta da yatsa ta sha kwanar. Idan bayanta ya hau kan dakali ko ya rushe katangar wani, kwanar ta yi tsini, komai kyan fentinta.

Sai fuskar titin, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Magini ya san kwalta ba sumul take ba, tana da tsakuwa a ciki, don haka sai ya barbaɗa yashi a kan gam, ko ya ɗebo tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin dogo ya shafe titi da ita. To amma tsakuwar da ke saman kwalta ta gaske yawanci milimita 10 zuwa 14 ce. A HO wannan bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ɗaya ba. Ƙwayar yashi mai rabin milimita, idan ka mayar da ita girman gaske, dutse ne mai fiye da santimita 4. Mai milimita ɗaya kuwa ta kai dunƙulen hannu. Titin da aka shimfiɗa da irin wannan ba a gama shi ba, ana jiran motar daɓe ne.

Shi ya sa masu gwaninta da yawa ke amfani da samfefa mai laushi a matsayin kwalta. A lissafi, samfefa mai lamba 120 ƙwayoyinta sun yi daidai da tsakuwar gaske a HO. Amma akwai wani lissafin na biyu da ya fi wannan muhimmanci. Mai kallo da ya tsaya santimita 60 daga tebur, a ma'aunin ƙaramin garin yana nesa da titin da sama da mita 50. Ka tsaya a bene ka hango titi daga mita 50, ba za ka ga tsakuwa ko ɗaya ba. Abin da za ka gani shi ne launi da tabo da inuwa. Don haka gwanaye ke komawa lamba 400 ko 600, waɗanda suka fi laushi, wasu ma su bar samfefar gaba ɗaya su yi fenti marar sheƙi su barbaɗa hodar jiki a kai tun yana ɗanye, ya bushe su kakkaɓe. Burin kawai shi ne a kashe ƙyalli. A nan ƙarancin kaushi ya fi yawansa alheri.

Launi kuma shi ne uwa uba. Kusan kowa in aka ce masa ya zana titi, baƙi zai ɗauko. Kwalta baƙa ce a makon da aka zuba ta, amma rana da iska suna cinye baƙin, tayoyi suna goge saman tsakuwar har launinta ya fito, ƙura ta zauna, cikin 'yan shekaru ta koma ruwan toka. Tsohuwar kwalta a rana tsaka tana iya yin haske har ta kusa launin siminti. Sannan launin yana bin dutsen yankin da aka fasa aka yi ta da shi: wani wuri tokar tana da ja-ja a ciki, wani wuri shuɗi-shuɗi. Nisa ma yana ƙara wanke launi, shi ya sa a ƙaramin ma'auni ake so a ƙara fari fiye da yadda zuciya ke so.

Ka duba titin da ya shekara goma ana binsa, ka ga yawan labarin da ke rubuce a kansa. A kowane hannu akwai sawu biyu inda tayoyi ke bi, sun goge sun ɗan bambanta da sauran. Tsakaninsu akwai zirin baƙin mai da ya ɗiɗɗiga daga injina, wanda ke yin kauri a inda motoci ke tsayawa: gaban fitilar ba da hannu, tashar bas, bakin mashigar jirgi. A gefe, inda taya ba ta kaiwa, yashi da ganye sun kwanta. Ga faci mai kusurwa huɗu inda masu ruwa ko masu lantarki suka haƙa suka cike, ya fi sauran duhu domin sabo ne, wani lokaci doguwar tsaga ce ta bi gefen titi har ƙarshen unguwa. Ga tsagewa da aka bi da narkakkiyar kwalta, ta yi baƙin zane mai karkace-karkace. Duk wannan ana yinsa da abubuwa masu araha. A kankare allin zane mai launin toka da baƙi da ruwan ƙasa ya zama gari, a ɗauka da busasshen burushi mai laushi a ja shi tare da tsawon titin, ba a gicciye ba, domin haka motoci ke tafiya. Faci kuma a kewaye shi da tef, a shafa toka mai ɗan duhu, a ɓare. Tsagewa da fensir mai tsini ake zana ta. Sharaɗin guda ne: hoton titin gaske ya kasance a gabanka kana kallo, domin abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa game da titi kusan kullum ya fi gaskiya baƙi, ya fi ta tsabta.

Akwai kuma abin da ba a cika ganewa ba sai an rasa shi, wato ruwa. Injiniyan titi babban abokin gabarsa ruwa ne, kuma siffar titi gaba ɗaya amsa ce ga tambayar ina ruwa zai bi. Shi ya sa tsakiyar titi ta fi gefensa tudu, gangaren wajen kashi 2.5 cikin ɗari. A hannu mai mita 3.65, gefe ya fi tsakiya ƙasa da santimita 9, a HO kuma milimita ɗaya kacal. Za ka ce milimita ɗaya me za ta yi? Tana canja yadda haske ke kwanciya a kan titin, tana sa motar da aka ajiye a gefe ta ɗan jingina kamar yadda ta gaske ke yi. Samunta ba wuya: a manna siririn kwali a ƙarƙashin tsakiya, a lanƙwasa fuskar titin a kansa. Daga nan sai ka tambayi kanka inda ruwan zai sauka. A gari, akwai dakalin gefen titi mai tsayin wajen santimita 12, wato ƙasa da milimita ɗaya da rabi a HO, da ramukan magudana a gindinsa. A karkara akwai kwata a gefe da kwalbati inda rafi ya gitta. Titin ƙauye kuma ba shi da gefe mai kaifi kamar an yanka da reza, ciyawa tana cin bakinsa, ƙasa tana hawa kansa. Titin da aka ɗora a kan ciyawa har ana ganin kaurin kwalin, shi ne alamar farko ta aikin gaggawa. A cikin ƙasa ya kamata ya zauna, ƙasar ta rungume shi.

Kayan aikin kansu ba su da wani sirri. Kamfanonin Jamus irin su Noch da Busch suna sayar da titi a naɗe, a ɓare a manna, yana da sauri amma yana wahalar shan kwana, kuma launinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe sai an bi shi da gyara. Kamfanin Woodland Scenics na Amurka yana da wani gari da ake damawa a zuba tsakanin tef biyu masu kauri, a ja da katako a daidaita, ya bushe a goge. Wannan ya fi dacewa da titin kankare irin na Amurka, inda ake tsaga mahaɗa duk bayan wajen mita 4.5, kusan santimita 5 a HO. Titin duwatsu na tsofaffin biranen Turai kuma da yumɓun DAS ake yinsa, wani yumɓun kanti da ke bushewa a iska ba sai an gasa ba, a shimfiɗa, a bi shi da tsinin ƙarfe ana fitar da dutse ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, amma babu takardar da aka buga da za ta kamo shi.

Inda na fi jin daɗin wannan batu shi ne zamani, domin titi yana faɗin shekara fiye da yadda jirgi ke faɗa. A 1902 Edgar Hooley ya yi rajistar haɗin kwalta da tsakuwa a Birtaniya, amma an daɗe kafin ta kai kowane ƙauye. Sanduna masu ƙwallo mai ruwan lemo a kai a wurin tsallakar masu ƙafa sun zo a 1934, a zamanin ministan sufuri Leslie Hore-Belisha. Zanen fari da baƙi na tsallaka titi sai 1951. Layi biyu masu ruwan ɗorawa na hana ajiye mota sun biyo baya a 1960. Allunan hanya na zamani, waɗanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara, sun fara aiki a titunan ƙasar a 1965, shekara uku kacal kafin hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina aiki da jirgi mai tururi a manyan layukanta a 1968. Ka ga wanda ya gina tashar shekarun 1930 ya zana mata tsallakar fari da baƙi, ya haɗa zamani biyu da ba su taɓa gaisawa ba. A Amurka ma sai a 1971 ƙa'ida ta tabbatar da cewa layin da ya raba masu tafiya da masu dawowa ruwan ɗorawa ne. Wanda yake son ganin yadda ake girmama zamani ya dubi gidan tarihi na Pendon a yankin Oxford, wanda Roye England, mutumin Ostireliya, ya kafa a 1954 don adana kamannin karkarar Ingila ta shekarun 1920 da 1930. A can hanyoyin sirara ne, suna lanƙwasa suna bin ƙasa da shingaye, har mutum ya manta jirgi ya zo kallo.

Wannan ƙa'ida za ta bi duk wanda ya yi niyyar gina tashar Kano, inda dogo ya iso a 1911, ko ta Zariya. Idan shekarun 1960 ya zaɓa, dole motocinsa su bi hannun hagu, domin sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma hannun dama. Hanyoyinsa da yawa burji ne, jar marmara mai ƙura, ko siririyar kwalta da kafaɗun jar ƙasa masu faɗi, kuma wannan jan yana hawa kan kwaltar da tayoyin motocin da gindin kowace katanga.

Wurin da ya fi kowane wahala shi ne mashigar jirgi, inda titi ya tsallaka dogo, domin a nan kyau da aiki suke karo. Ƙafar jirgi tana da leɓe a ciki wanda ke riƙe ta a kan ƙarfe, dole a bar masa rami ya wuce. A HO ramin yana buƙatar sama da milimita ɗaya, wanda in aka mayar girman gaske ya kai wajen ninki biyu na ainihin ramin. Babu yadda za a yi, in ka tsuke shi jirgi zai yi tsalle ya sauka. Abin da ake yi shi ne a shafa wa cikin ramin duhu don ido ya wuce shi. Fuskar titin kuma dole ta zauna ƙasa da kan ƙarfen da kaurin takarda, domin ta ƙarfen ne jirgin ke shan wuta. In titi ya ɗaga ƙafafunsa ko da ɗan kaɗan, zai mutu a tsakiyar mashiga, kuma duk lokacin da aka zo goge dogo za a kankare fentin titin. Sannan titi ya hau zuwa dogon a hankali. Wanda ya ce zai guje wa duk wannan da gada, wani lissafin ke jiransa: sai titi ya ɗaga wajen santimita 7 ko 8 kafin jirgin HO ya wuce ƙarƙashinsa, ko da hawan kashi 10 cikin ɗari, wanda ya riga ya yi tsauri, yana buƙatar santimita 70 zuwa 80 kowane gefe. Shi ya sa masu wayo ke barin titin a kan tudu tun farko, su haƙa wa dogo hanya ta ƙasa.

Sai tambayar ina titin ya nufa. Tebur yana ƙarewa a bango, titi kuwa ba ya ƙarewa. Wanda ya tafi kai tsaye ya daki hoton sama da aka manna a bango ya kashe wasan. Dabarar ita ce a sa shi ya sha kwana ya ɓace bayan gini ko bishiyoyi, ko ya hau ɗan tudu ya gangara inda ido ba ya kaiwa. Wasu suna tsuke shi sannu a hankali yayin da yake nisa, su ajiye motar N a can ƙarshe a kan teburin HO, sai ta zama kamar tana da nisan gaske, muddin ba a ajiye mutum ko gida mai cikakken girma kusa da ita ba. John Allen na Monterey a Kalifoniya, wanda ya rasu a 1973, ya yi suna da ɓoye madubai don ninka faɗin garinsa. Madubi a ƙarƙashin gada yana sa titi ya ci gaba, amma yana da tarko biyu: a karkata shi yadda mai kallo ba zai ga fuskarsa ba, kuma kada a sa mota mai tafiya ta nufe shi, don za ta bayyana tana shirin yin taho-mu-gama da kanta a hannu ɗaya.

Motocin kansu suna da matsalar da ba ta da cikakken magani: jirgi yana tafiya, su suna tsaye. Kamfanin Faller na Jamus ya fito da mafita a 1989. Ana binne siririyar wayar ƙarfe ƙarƙashin fuskar titi, motar tana da batir da ɗan inji, da maganaɗisu a jikin sitiyarinta wanda ke bin wayar duk inda ta lanƙwasa. Magnorail na Holan kuma sarƙa ce ke zagayawa a ƙarƙashi tana jan ababen hawa da maganaɗisu, har da masu keke da ƙafafunsu ke juyawa. A Miniatur Wunderland na birnin Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, kwamfuta ce ke tafiyar da motoci, suna kunna sigina, suna tsayawa a fitila, motocin kashe gobara suna fita da jiniya. Abin burgewa ne ƙwarai, amma yana da farashi a kan titin: kwanoni sai sun buɗe, fuska sai ta yi sumul, ramuka da faci masu tudu sai a haƙura da su. Gudu ma sai an kiyaye, domin kilomita 50 a awa a HO santimita 16 ne kawai a daƙiƙa.

Ga mai ƙaramin tebur a gida, ra'ayina shi ne ya bar motocin a tsaye amma ya ba kowace dalilin tsayuwa. Uku suna jira a mashiga an rufe ƙofa, ɗaya tana sauke buhuna a bakin ma'ajiya, ɗaya an ajiye ta gaban shago tayoyin gaba a ɗan karkace. A kashe ƙyallin fentinsu, a sa direba a duk wadda ke kan hanya, a ɗan goge ƙasan tayoyin da samfefa don nauyin motar ya zauna a kan kwalta. Kuma a rage yawansu, musamman in shekarun 1930 ko 1950 ake ginawa, lokacin da titin ƙauye kan yi dogon lokaci babu abin da ya bi ta kansa sai keke da amalanken doki.